'Yan ƙodagon Baba

Ranar da aka jibge harawa a kan ɗakin Inna, ƙwari suka mamaye mu. Ƙanana ne, jajaye masu ɗigon baƙi, sun lulluɓe bango da labule. Inna za ta kasuwa, ta ce da ni, "Baƙi na tafe daga Gabi. Kafin la'asar kar in ga ko ɗaya."

Na share, suka dawo. Na sake sharewa, suka tashi suka sauka a kaina. Haushi ya kama ni, na cire takalmi na dinga murƙushe su, har a kan farin zanen gadon da aka shimfiɗa don baƙin. Kowanne ya bar tabo ruwan ɗorawa, da wani wari mai ɗaci. Na goga da ruwa, tabon ya ƙara faɗi. Ina kuka Baba ya dawo daga lambunsa na bakin tafki.

"Ke ɗiyar nan, mi kika yi? 'Yan ƙodagona kika kashe! Su ke cinye mini darɓa, ƙwarin nan masu tsotse ganyen wake."

"Inna ta ce kar ta ga ko ɗaya."

"Cewa ta yi ki kashe?"

Ya miƙo mini ƙwarya da gashin kaza, ya ce in kwashe sauran da ransu in kai lambu.

Tabon bai taɓa fita ba, Inna kuma ta daɗe tana yi mini gori. Har yau idan aka sa ni aiki, sai na tambaya sau uku, har a gaji da ni.