Kilo Uku a Kwana Huɗu

Wata biyu ke nan da likita ya gaya wa Baba Direba cewa zuciyarsa ta gaji, ba ta iya tura jini kamar da. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa bas, yanzu ko takalmi ya sunkuya ya sa sai ya zauna ya huta. Likita ya ba shi magunguna, ya ce ya riƙa tafiya ta minti goma sha biyar a wuri mai shimfiɗe, irin tafiyar da mutum zai iya hira yana yi. Ya kuma ce ya hau sikeli kowace safiya, in nauyi ya ƙaru farat ɗaya ya dawo asibiti.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Koci, yana horar da mutane a wani gidan motsa jiki. Ƙato ne, usur ba ya barin wuyansa, kuma a ganinsa babu ciwon da gumi ba ya kashewa. Bai je asibiti da su ba. Da mahaifiyarsa ta maimaita masa maganar likita, sai ya kece da dariya.

"Minti goma sha biyar? Mama, ai wannan zuwa shago ne. Ku bar min shi, aikina ne."

A bene na huɗu suke haya. Koci ya mai da matakalar gidan filin horo. Kowace safiya yakan sauko da tsohon ƙasa, ya busa usur, ya sa shi ya yi ta hawa da sauka, ya bi bayansa da waya yana ɗaukar bidiyo don ya nuna wa masu zuwa wajensa. Baba Direba yakan kama ƙarfen matakala da hannu biyu, bakinsa a buɗe, maƙwabta suna raɓawa ta gefensa da jakunkunansu.

"Koci, numfashi... bari in..."

"Baba, tsohuwar da nake horarwa ta girme ka, kuma ba ta kuka. Saura hawa biyu."

Tsohon bai taɓa ƙi ba. Kunyar ɗansa yake ji, yana kuma alfahari da shi, abin tausayi. Har maganin da ke rage masa ruwa a jiki ya daina sha da safe, don yana sa shi fitsari a tsakiyar horo, Koci kuwa yakan ce dabarar gudu ce.

A mako na uku da fara horon, sikeli ya nuna ƙarin kilo uku cikin kwana huɗu. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Mama ta ɗauko jakarta ta ce a tafi asibiti, haka likita ya ce.

Koci ya tare ƙofa. "Ni da nake auna mutum hamsin a mako za a koya wa sikeli? Kitse ne. Ke ce kike ba shi abinci a ɓoye, kina ɓata min aiki."

"Wallahi ko rabin kwano ba ya ci."

"To daga yau sau shida zai hau benen."

Ba kitse ba ne. Ruwa ne ya taru a jikinsa, yana hawa zuwa huhu, domin zuciyar ta kasa. Amma wa ya isa ya faɗa wa gwani?

Washegari da safe, a karo na uku na hawan, Baba Direba ya tsaya tsakanin bene na biyu da na uku. Leɓɓansa sun yi duhu, tari ya sarƙe shi, kumfa na fitowa daga bakinsa. Ya zame a jikin bango ya zauna. Koci ya busa usur sau biyu a kansa.

"Tashi, Baba, ka daina wasan kwaikwayo. Mutane na kallo."

Wannan ce magana ta ƙarshe da tsohon ya ji daga bakin ɗansa. Kafin a samo mota a sauko da shi, rai ya yi halinsa.

Da rana gida ya cika da masu gaisuwa. Koci ya durƙusa gaban mahaifiyarsa yana kuka, yana cewa shi lafiya yake nema masa. Ta janye ƙafarta daga hannunsa, ba ta ko dube shi ba.

"Sau nawa ya ce maka ya gaji? Ka fi shi ƙarfi, kowa ya gani. Tashi ka ba ni wuri."

Jama'a, mai raunin zuciya yana buƙatar motsa jiki, amma gwargwadon da likitansa ya auna masa, ba gwargwadon ƙarfin mai lafiya ba. In numfashi ya gagare shi, ko ƙafa ta kumbura, ko nauyi ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, a dakatar da komai a kai shi asibiti. Wanda ya ce maka ya gaji, ka yarda da shi tun yana iya faɗa.