Fitowa ta Hamsin da Tara

Jamilatu ta danne takardar a kan gilashin na'ura, haske ya gifta, shafi ya fito a kwamfuta har da tabon manja. Wata uku ke nan tana tattara Tambarin Mako, jaridar da wani malamin makaranta ya riƙa bugawa a Birnin Gwari, kwafi ɗari biyu duk Juma'a, don a adana ta a intanet.

Aikin jami'a ne, amma ita ma da nata. Fitowa ta hamsin da takwas ce ta buga cewa mahaifinta Bakoji, makiyayi, shi ke ɓoye shanun sata a daji. Kunya ta sa ya kwashe iyali ya bar garin, har ya rasu bai sake taka kasuwar ba. Mahaifiyarta ta rantse malamin ya yi alkawarin wanke shi a fitowa ta gaba, wadda ita ce ta ƙarshe, don a makon aka yi masa canjin wurin aiki. To, ta hamsin da tara ɗin nan, ba mahalukin da ya taɓa ganinta.

Wani tsoho, Malam Abarshi, shi ya tsaya mata. Kai, tsohon nan akwai kai! Ya san kowane gida da ke karɓar jaridar shekara arba'in da suka wuce, da gidan da kare yake, da inda yashi ke kayar da mai keke. Ya hau babur har ƙauyukan Kuyello da Damari, ya sa tsofaffin mata suka zaro shafuka daga gindin kwalla. Sai dai ko ruwanta ba ya sha, in tana magana kuma ƙasa yake kallo.

Ran nan ta gaji, ta ce, "Baba, gobe zan rufe aikin. Duniya za ta karanta zargin, ba za ta ga wankewar ba."

Tsoho ya tashi ya tafi gida.

Washegari da hantsi sai ga shi da buhu. Ya ajiye a gabanta ya ce, "'Yata, ga shi." Ya koma bakin ƙofa ya tsuguna kamar mai gaisuwar mutuwa.

Ta buɗe. Ta hamsin da tara ce! Ba maiƙo, ba yaga. Kuma ba guda ba ce, ɗari biyu ne cif, ɗaure da igiyar da ba a taɓa kwancewa ba.

Ta zaro ta sama ta karanta: "Bakoji ba shi da laifi. Mai raba mana jarida, Abarshi, shi ya kawo mana ƙaryar, don haka mun umarce shi ya kai wannan gida-gida da hannunsa."