Sa Hannun Yaya Saleh

"Danna kawai, Zuhra, Darakta na jira," in ji Oga Godfrey, yana tsaye a bayan kujerarta yana kaɗa makullai.

Ba ta ɗago ba. Tun da ta dawo aiki take yin komai kamar wadda ake juyawa da rimot. Amma ƙa'idar ofis tana nan: ba a sa sabuwar manhaja sai an duba sa hannun da ke jikin fayil, a ga wanda ya haɗa shi.

Ta duba, sa hannu lafiya lau. Sunan injiniyansu ya fito, Saleh Dikko, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya.

"Kin gani? Tsohon aikinsa ne. Ko shi ma ba ki yarda da shi ba?"

Har ta ɗora yatsa, sai idonta ya sauka kan kwanan wata. Jiya da azahar aka sa hannun. Jiya da azahar tana gida tana rabon wainar sadakar arba'in ɗin Yaya Saleh.

Da wani ɗan shuɗin filashin kwamfuta yake sa hannu, kullum yana maƙale da makullin motarsa. Ranar hatsarin da ya yi ajalinsa a hanyar Zuba, an nemi filashin an rasa. Aikinta ne ta soke sa hannun daga kwamfutar ofis, amma ta kasa goge sunan Yaya.

Ta juya a hankali. Shuɗin filashin yana lilo cikin makullan Oga.

Ta dube shi ido cikin ido.

"Oga, ba ka ce ranar hatsarin kana Jos ba?"