Mai Hayaƙin

Kwana tara ke nan da mai unguwa ya hana wata tsohuwa gasa tukwane, wai hayaƙinta ne ke sa yaran Tudun Fulani ciwon kai. Ba ta hura wuta ba, amma yara na nan kwance.

Ta tare wata malamar sabuwar jami'a mai yawo da na'urar auna iska. "Ke 'yar nan, akwatin naki yana ƙarya?"

"Ba ya yi, Mama. Gubar na cikin iska, amma ba daga gidanki take ba. Daji ake ƙonawa."

Tsohuwa ta gyara ɗaurin zani, ta tasa malamar a gaba, suka bi baƙar toka har bayan duwatsun Bosso. Daji na ci da wuta, maza riƙe da sanduna suna jiran gafiya ta fito. Mai ashanar da ya cinna wutar ya waiwayo, ashe ɗan tsohuwar ne na fari.

Ta damƙi wuyan rigarsa, da furfurarsa da komai, ta ja shi har ƙofar mai unguwa.

"Ga mai hayaƙin, ni na haife shi. A hukunta shi, a bar ni da tukwanena."