Wa Ke Kallo a Kwamfutar Malama?

Malama ta sake buɗe manhajar kallon bidiyo a kwamfutarta. Ga shi nan a jerin abubuwan da aka kalla: "Alamomin ciwon mantuwa." Sau tara, kullum da safe, alhali ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar maigidanta.

Shekara talatin ta yi tana shugabancin makaranta. Ba ta yarda da zancen aljanu ba, balle na 'yan zamani masu cewa wai na'ura ba ta ƙarya. Mutum ne ke shigar mata kwamfutar. Wataƙila wani a dangi ke neman hujjar cewa ta ruɗe, a raba ta da gidanta.

Ta kira autarta a waya.

"Auta, wani yana yi min leƙen asiri a kwamfuta. Ta ina ake kullewa?"

"Mama, shiga saiti, ki taɓa wajen sirri."

"Bi ni a hankali, ba tsere muke ba. To, na shiga."

"Me kika gani?"

Malama ta gyara tabarau. "Wai a kulle take tuntuni, ba ta buɗuwa sai da yatsa." Ta ja tsaki. "Yatsan wane munafukin?"

Can ta ji autar tana jan hanci.

"Naki ne, Mama. Tare muka sa, ranar da kika fara kirana a kan maganar nan."

Malama ta dubi babban yatsanta, ta daɗe tana dubansa.

"Yau kira na nawa ke nan?"

"Na tara."