Rumfar da Ba a Goge Ba

"Ɗaya zan sallama a cikinku yau," in ji mai lambu, yana juya ganyen kabeji duk huji.

Ma'aikata biyu gare shi, kowa da rumfar kabejin da yake kula da ita. Makonni biyu da suka wuce ya sayo wasu ƙananan rina, ba su kai ƙwayar riɗi ba, aka sake su don su yi ƙwai a jikin tsutsar da ke cin kabeji.

Matar da ke rumfar gabas ba ta iya ganin datti. Kullum tana bin ganye da tsumma tana goge darɓa, danƙon nan mai zaƙi da ƙwari ke bari. Tsohon da ke rumfar yamma, wanda ake kira Sai-Gobe, bai taɓa sunkuyawa ba.

Malamar gona da mai lambu ya kira ta zaga rumfunan biyu, ta ce, "Darɓar ce abincin rinar. Inda aka goge, kwana biyu yunwa ta kashe su, ko ƙwai ba su gama ba. A rumfar Baba kuwa har yanzu suna lasa suna aiki. Kabejinsa lafiya lau."

Sai-Gobe ya gyara hula. Matar ta fara naɗe tsummanta.

Mai lambu ya ce, "Baba, me ka yi wa rumfar nan?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ban yi mata komai ba."

"Na yarda. Ke, ki daina gogewa, ki riƙe duka biyun. Baba, rashin yin komai ai ba sai na ɗauki mutum ba."