Direban Jar Mota

Sau tara ke nan Baba yana cusa jar motar nan cikin katanga, kuma sau tara yana cewa laifin sitiyari ne.

Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa tirela, ko kaza bai taɓa takewa ba, yau ga shi a falo da rimot ɗin gem a hannu, 'yarsa Auta tana birgima a kafet don dariya. Abin kunya dai ba a magana.

Ba son wasan ne ya kai shi ba. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya, ya zo hutu daga jami'a, kwana huɗu kacal sai ga shi yana haɗa jaka, wai zai ƙarasa hutun a wajen abokai. Abin ya soki Baba har cikin rai, don shekara guda ya yi yana ɗokin zuwan yaron. Amma ina bakin roƙo? Sai ya ɓige da cika baki, wai gem ɗin tseren nan ai shirme ne, ko da ido ɗaya zai lallasa kowa.

"To Baba, ranar Asabar mu kara," in ji Yaya. "In ka ci ni, na kwance jakata har ƙarshen hutu."

Baki shi ke yanka wuya.

Kwana uku Baba yana atisaye. In motar za ta sha kwana, shi ma sai ya karkata har ya kusa faɗowa daga kujera, motar kuwa ta miƙe ɗoɗar ta afka rami. Mama tana kujerar lungu tana ninke wanki, ko ɗaga ido ba ta yi. Ita dai tsakaninta da na'urar wasan sai goge ƙura, in yara sun koma makaranta Baba kuma ya tafi hira wajen tsofaffin direbobi. Auta ma ta ce tsabar goge-gogen Mama ce ta cinye rubutun maɓallan.

Ranar Asabar da hantsi jakar Yaya tana jingine a bakin ƙofa. Baba ya kalle ta, ya kau da kai. Mama ce ta buɗe durowa ta miƙa wa kowa rimot ɗinsa, ta koma lungunta ta tula wanki a cinya.

Aka saki motoci.

Ikon Allah! Jar motar ta fita kamar an harba ta. Kafin Baba ya gama tunanin kwanar farko, har ta shanye ta. Ya danna birki don tsoro, sai ta ƙara wuta ta ratsa tsakanin motoci biyu.

"Hannu ya tuna aikinsa!" Baba ya daka tsawa, yana tsaye yana jijjiga rimot.

Yaya ya daina murmushi. Ya gyara zama. A kwanar ƙarshe shuɗiyar motarsa tana gaba, jar ta lallaɓo ta ciki, ta shafi gefenta, ta wuce layi.

Falo ya kaure. Auta ta ɗane bayan Baba tana ihu. Yaya ya daɗe yana kallon allon baki buɗe, sannan ya fashe da dariya, ya rungume mahaifinsa.

"Wallahi Baba, gobe sai na rama."

Gobe. Kalmar nan ta fi wa Baba cin tseren daɗi. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce hasken talabijin ne.

Yaran suka ja jakar zuwa ɗaki suna gardama. Baba ya juyo wajen matarsa yana hura hanci.

"Kin gani ko? Tsohon direba ba ya manta hanya."

Ya cilla rimot ɗin sama don ya cafe, ya kuskure. Rimot ya faɗi a kafet, murfin bayansa ya ɓalle. Baba ya sunkuya zai tsince batir. Babu batir ko ɗaya, ramin wayam.

Mama ta ɗaga rigar ƙarshe daga cinyarta. Ƙarƙashinta ga wani rimot, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa.

"Baban yara," ta ce tana miƙe yatsunta, "gobe in ina tuƙi ka rage ihu, ka kusa sa ni cikin katanga."